Thomas Graham: Masanin da Ya Share Hanyar Wankin Ƙoda

Ya kai ɗalibi, ka san ƙaron da ake jiƙawa a zuba cikin tawada don ta kama allo. Ka kuma san kaurin kunun gyadar da ake damawa a gidajen Yola da Jimeta. To, ƙaro da kunu da madara da jinin jikinka duk dangi ɗaya ne a wurin masana kimiyya. Sunan wannan dangi koloyid, wanda ya raɗa sunan kuwa shi ne Thomas Graham.

An haifi Graham a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, cikin watan Disamba na 1805. Ya shiga Jami'ar Gilasgo a 1819, yana ɗan yaro. Mahaifinsa ya so ya zama limamin coci, shi kuwa zuciyarsa na kan ilimin sinadarai. Saboda wannan saɓani uban ya janye masa tallafi, sai mahaifiyarsa ta riƙa taimaka masa. Haƙurinsa bai faɗi a banza ba. A 1830 ya zama farfesa a Kwalejin Anderson ta Gilasgo, a 1837 kuma ya koma koyarwa a Landan.

Graham ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1841 shi da abokan aikinsa suka kafa Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Landan, ya zama shugabanta na farko. A tarukanta kowa kan karanta sakamakon bincikensa, sauran su yi tambayoyi, su gyara masa kuskure. A 1855 aka naɗa shi shugaban gidan buga kuɗin Ingila, kujerar da Isaac Newton ya taɓa riƙewa. Duk da haka bai daina bincike ba.

Yanzu ka natsu ka ji gwajin da ya bayyana wa duniya a 1861. Ya sami wani mazubi mai kama da rariya, ya rufe ƙasansa da takarda mai ƙarfi. Ya zuba ruwan da aka narkar da abubuwa a ciki, ya ɗora mazubin a kan ruwa mai tsabta. Bayan wani lokaci sai ya ga gishiri da sukari sun ratsa takardar sun shiga ruwan ƙasa. Ƙaro da sitaci da farin ƙwai kuwa sun tsaya a sama, domin ƙwayoyinsu sun fi ƙofofin takardar girma. Waɗannan masu tsayawa ne ya kira koloyid, daga wata kalmar Girkanci mai nufin gam. Ta wannan hanya ya iya ware dattin da ke cikin fitsari.

Ka san aikin ƙoda shi ne tace jini. Idan ta gaza, datti ya taru a jiki, rai yana cikin haɗari. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Kolff ya ƙera na'ura bisa dabarar Graham. Jini yana bi ta cikin tantani mai ƙananan ƙofofi, datti ya fita, abubuwa masu amfani su tsaya. A 1945 na'urar ta ceci ran wata mata. Wannan shi ne wankin ƙodar da ake yi a manyan asibitocin ƙasarmu a yau.

Graham ya rasu a Landan ranar 16 ga Satumba, 1869, bai ga ko majiyyaci ɗaya da dabararsa ta ceta ba. Har yanzu masana suna taruwa don tattauna yadda za a yi amfani da koloyid wajen haɗa magunguna, kuma ƙaron Arewa yana cikin kayan haɗin. In ka sake ganin ƙaro a kasuwar Jimeta, ka dube shi da idon mai bincike.

Tambayoyi
1. Me ya haɗa Graham saɓani da mahaifinsa?
2. Don me ƙaro bai ratsa takarda ba?
3. Kawo abubuwa uku daga gidanku waɗanda suke cikin dangin koloyid.