John Wayne: Sarkin Kaboyi Da Abin Da Fim Ɗinsa Na Shanu Ya Ɓoye

Dattawanmu da suka yi zamanin silima a Kano da Jos da Ikko sun san John Wayne. An haife shi ranar 26 ga Mayu, 1907, a garin Winterset na jihar Iowa a Amurka, da suna Marion Morrison. Ya shiga jami'a a Kalifoniya yana buga ƙwallo, ya ji rauni, tallafin karatu ya yanke, ya koma ɗaukar kaya a kamfanin fim na Fox. A 1930 aka ba shi babban matsayi a The Big Trail tare da sabon suna, amma fim ɗin bai kawo kuɗi ba. Ya yi shekara tara a ƙananan finafinai kafin Stagecoach na John Ford ya ɗaga shi a 1939.

Ni ɗan mai fataucin shanu ne daga Azare, a ƙasar Katagum, don haka Red River na 1948, wanda Howard Hawks ya ba da umarni, shi ne ya fi tsaya mini a rai. Wayne ya fito a matsayin Dunson, mai kora dubban shanu a ƙasa daga Texas zuwa kasuwa mai nisa. Ƙura, tsallake kogi, firgitar garke da dare, duk an yi su daidai. Haka kakanninmu suka riƙa kora shanu zuwa Ilorin da Ibadan kafin jirgin ƙasa da tirela, kuma wannan fatauci na cikin abin da ya raya unguwanni irin Sabo.

To amma mu duba da kyau. Dunson ya samu filin kiwonsa ne da bakin bindiga, ya harbe yaron mai filin ya zauna. Ya ɗora tambarinsa a kan shanun maƙwabta. Da wasu makiyayansa suka gudu, rataya ya yanke musu, sai da ɗan riƙonsa Matt ya ƙwace garken ya kai Abilene. A wurinmu, mai irin wannan hali ba wanda zai ba shi amanar saniya ɗaya, balle dillali ya tsaya masa. Amma a ƙarshe fim ɗin ya sasanta su ana dariya, kamar ba a zubar da jini ba. 'Yan asalin ƙasar kuwa galibi a matsayin mahara ake nuna su, kuma baƙaƙen fata, waɗanda da yawansu suka yi wannan kiwo a zahiri, babu su a cikin jaruman.

Shi kansa Wayne ya yi finafinan yaƙi barkatai, alhali bai je Yaƙin Duniya na Biyu ba. A wata hira a 1971 ya goyi bayan fifikon farar fata, ya kuma kare ƙwace ƙasar 'yan asali. Ya samu kyautar Oscar a 1970 saboda True Grit, sannan ciwon dajin ciki ya yi ajalinsa ranar 11 ga Yuni, 1979.

Gwani ne a aikinsa, wannan ba musu. Sai dai mu da ke zaune a Kudu mun san zafin a ba da labarin mutane ba tare da an ji ta bakinsu ba, musamman in an zo maganar makiyaya. Wanda zai kalli Red River ya kalla, amma ya riƙa tambayar kansa filin na wa ne tun farko.