Abubakar Ar-Razi, Likitan da Ya Gwada Magani Kafin Ya Yarda da Shi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, an haifi Abubakar Muhammadu ɗan Zakariyya Ar-Razi a birnin Rayyu, kusa da Tehran ta yau, wajen shekara ta 251 bayan Hijira. Ya shugabanci asibitin Rayyu, sa'an nan na Bagadaza, yana duba matalauta kyauta.

Ɗabi'arsa ita ce rubuta halin majinyaci: yadda ciwon ya fara, abin da aka ba shi, da yadda ya ƙare. Almajiransa suka tattara rubuce-rubucen bayan rasuwarsa, suka zama littafin Al-Hawi. A ciki ya ambaci masu ciwon sarsam, mai kama da sanƙarau: nauyin kai, ciwon wuya da ƙin haske. Ya tsaga jijiyar wasu ya zubar musu da jini, ya bar wasu da gangan, domin ya kwatanta sakamakon. Likitocin yau sun bar wannan magani, amma raba majinyata kashi biyu ya zama ginshiƙin gwajin magunguna.

Ya wallafa risala mai rarrabe agana da ƙyanda, da Bur'us Sa'a a kan saurin kawar da raɗaɗi kamar na kai da haƙori, da Man La Yahduruhut Tabib domin wanda likita ya yi wa nisa. Malamai sun yi masa raddi a kan wasu ra'ayoyinsa na falsafa, tare da shaidar fifikonsa a likitanci. Ya makance a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a 313, daidai da 925 Miladiyya.

Mu mutanen Agye, Gazawa da Gidan Rumji mun san ɓarnar sanƙarau a lokacin bazara. Duk da haka muna sayen ƙwayoyin kashe ciwo a faifan ɗan talla, rana ta gasa su, babu awo, babu binciken ciwon. Ƙwayar tana iya danne zazzaɓi, cutar kuwa tana cin yaro. Jiki amana ne. Duk wanda wuyansa ya sanƙare da zazzaɓi, a kai shi asibiti a ranar, kada kuma a guji allurar rigakafi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.