Bernhard Schmidt: Mai hannu ɗaya da ya gyara wa duniya hoton taurari

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Ƙofar Mazugal bayan Magariba, ko ya hau Dutsen Dala, ya ɗaga waya domin ɗaukar jinjirin watan azumi, ya san takaicin da ke biyo baya. Ido ya ga wata siriri tar, amma a hoto sai wani farin tabo mai dishi-dishi. Tauraron da ke gefensa kuwa ko dai ya ɓace ko ya kumbura.

Shekara 100 da suka wuce, manyan cibiyoyin nazarin taurari na Turai da Amurka na fama da tasu irin wannan matsala: yadda za a sa ɗigon haske a sama ya fito a matsayin ɗigo a kan hoto, daga tsakiya har gefe. Wanda ya samo babbar mafita ba farfesa ba ne. Mai goge gilashi ne, kuma da hannun hagu kaɗai yake aiki.

Yarinta a tsibiri

An haifi Bernhard Schmidt a 1879 a Naissaar, wani ƙaramin tsibiri a Tekun Baltik da ke kallon birnin Tallinn na Estoniya, wadda a lokacin take ƙarƙashin Daular Rasha. Shi ne ɗan fari a gidansu, kuma tun yana yaro ya shahara da ƙere-ƙere. Ya haɗa kyamara da kansa, ya riƙa ɗaukar mutanen tsibirin hoto.

Wannan rawar kai ce ta jawo masa asara. Yana ɗan shekara 15 ya cusa albarushi a cikin bututun ƙarfe domin gwaji, abin ya fashe masa a hannu. Da aka kai shi Tallinn, likita ya yanke masa hannun dama.

Bai zauna ba. A 1895 ya koma Tallinn ya yi aikin gyaran hotuna da zanen injuna. A 1901 ya isa garin Mittweida na Jamus domin karatun fasaha, amma hankalinsa ya karkata ga gugar madubi. Wajen 1904 ya buɗe shagonsa, kuma ba a jima ba masana suka gane cewa madubansa sun fi na manyan kamfanoni daidaito. Har cibiyar nazarin taurari ta Potsdam ta ba shi gyaran gilashin na'urarta mai faɗin santimita 50.

Yaƙi ya karya jari

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, takardunsa na Rasha suka zame masa laifi. Aka tsare shi kusan wata shida a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba, bayan an sake shi kuma 'yan sanda ba su ɗauke ido daga kansa ba. Abin da yaƙi ya rage, faɗuwar darajar kuɗin Jamus ta ƙarasa. Zuwa 1927 ya bar Mittweida ya karɓi tayin Richard Schorr, shugaban cibiyar nazarin taurari ta Hambog da ke Bergedorf, wanda ya ba shi wurin aiki a ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Matsalar madubi biyu

A zamanin, manyan na'urorin hangen nesa na amfani da madubi mai irin lanƙwasar farantin tauraron ɗan'adam da ake kafawa a kan rufin gida. Wannan madubi yana fitar da tauraron da ke tsakiyar hoto tsaf. Amma da an ɗan matsa gefe, sai taurari su fara fitar da jela kamar tauraro mai wutsiya. Saboda haka ɗan ƙaramin yanki ne kawai na kowane hoto ke da amfani.

Akwai kuma madubi mai lanƙwasa iri ɗaya ta ko'ina, kamar an yanko shi daga jikin ƙwallo. Shi ba ya nuna bambanci tsakanin tsakiya da gefe, amma yana da nasa aibin: hasken da ya faɗi a bakinsa da wanda ya faɗi a tsakiyarsa ba sa haɗuwa a wuri guda. Malamin nan ɗan Basra, Ibn al-Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayanin wannan aibi a nazarinsa kan maduban ƙona abu da hasken rana.

A 1929 Schmidt ya bi masanin taurari Walter Baade zuwa Filifin domin kallon husufin rana, kuma a wannan doguwar tafiya ce ya bayyana masa dabararsa. Zai ɗauki madubi mai siffar ƙwallo da aibinsa, sannan ya kafa wani siririn gilashi a gabansa, daidai inda cibiyar ƙwallon take. Za a goge gilashin da wata 'yar karkata da ido ba ya gani, wadda za ta karkatar da haske tun kafin ya isa madubi, daidai gwargwadon kuskuren da madubin zai yi. Kuskure ya soke kuskure.

Yadda ya goge gilashin ma abin mamaki ne. Ya ɗora shi a bakin wani kasko, ya zuƙe iskar ciki da famfo har gilashin ya ɗan lotsa, ya goge samansa, sannan ya saki iskar. Da gilashin ya miƙe, sai ga siffar da yake nema.

A 1930 ya kammala kyamarar farko: gilashi mai faɗin santimita 36, madubi mai santimita 44. Hoto guda yana ɗaukar sararin da za a jera wata kusan 30 a cikinsa, kuma taurari ɗigo-ɗigo har kusurwa.

Saiti da bai kai silin gashi ba

Sai dai dabarar ta zo da nata sharaɗin. Kowace kyamara tana da 'yar tazarar da fim zai iya matsawa gaba ko baya ba tare da hoto ya lalace ba. Idan aka rage tsawon tafiyar haske da rabi alhali faɗin gilashi na nan yadda yake, kyamara za ta ninka saurin tara haske sau huɗu, amma wannan tazara za ta ragu sau huɗu. A kyamarar Schmidt, a lissafin masana haske, tazarar ba ta kai kashi 1 cikin 100 na milimita ba. Silin gashi ya fi ta kauri nesa ba kusa ba.

Bugu da ƙari, wurin da hoton ke faɗuwa ba shimfiɗaɗɗe ba ne, a lanƙwashe yake. Dole a danna fim a kan mazauni mai tudu. Idan mazaunin ya ɗan karkace, taurarin gefe ɗaya za su fito tsaf, na ɗaya gefen su kumbura.

Masu ɗaukar hoton sama da kyamarorin zamani na karanta waɗannan alamu har gobe. Idan duk taurari sun kumbura bai-ɗaya, saiti ne bai zauna ba. Idan gefe ɗaya ne kawai, farantin ɗaukar haske ko gilashin ne ya karkace. Idan kuwa kusurwa huɗu duk sun fitar da jela zuwa waje, aibin nan ne da Schmidt ya yaƙa.

Bai ci moriyar aikinsa ba

A 1931 ya wallafa ɗan gajeren bayani kan kyamarar, kuma bai yi mata rajistar mallaka ba. Lokacin ya zo daidai da karyewar tattalin arzikin duniya, don haka masu saye ba su zo ba. Ya kamu da ciwon huhu bayan dawowa daga birnin Leiden na Holan, ya mutu ranar 1 ga Disamba, 1935, yana da shekara 56. An binne shi a Bergedorf, kusa da inda ya yi aiki.

Shekara guda bayan mutuwarsa, a 1936, aka kafa kyamara irin tasa a Dutsen Palomar na Amurka, inda Fritz Zwicky ya yi amfani da ita wajen farautar taurarin da ke fashewa. A 1948 aka kammala babba mai santimita 122 a can, wadda daga 1949 ta ɗauki taswirar sararin samaniyar arewa a kan farantan gilashi masu kaurin milimita 1, waɗanda ake lanƙwasawa kafin kowane hoto.

Na'urar Kepler da Amurka ta harba sararin samaniya a 2009 ma a kan tsarinsa aka gina ta, kuma ta gano duniyoyi fiye da 2,600 da ke kewaya wasu taurari. Farantanta 42 na ɗaukar haske an jera su ne a lanƙwashe, kamar yadda Schmidt ya danna fim ɗinsa da hannun hagu a 1930.