Piyazi, Malamin da ya Gano Seres

Idan dare ya yi a bakin Komadugu, ka ɗaga kai sama, za ka ga taurari ba iyaka. Ga Kaza da Ƴaƴanta, ga Gamzaki da asuba. Amma akwai waɗansu abubuwa a sama da ido ba ya iya gani. Ɗaya daga cikinsu shi ne Seres. Ga labarin mutumin da ya fara ganin sa.

Sunansa Jusefe Piyazi. An haife shi a arewacin ƙasar Italiya cikin shekara ta 1746. Limamin Kirista ne, kuma malamin lissafi. Ya koyar a birnin Palermo, cikin tsibirin Sisiliya. Sarkin ƙasar ya ba shi aikin gina ɗakin duba taurari. Sai ya tafi Faransa da Ingila ya ƙaro ilimi, ya sa aka ƙera masa babban madubin hangen nesa.

Aikinsa shi ne ƙidayar taurari. Kowane dare yakan auna wurin da tauraro yake, ya rubuta. Gobe ya sake aunawa, don kada ya yi kuskure.

A daren 1 ga Janairu 1801, ya ga wani ɗan haske da ba ya cikin lissafinsa. Ya rubuta. Washegari ya duba, sai ya tarar ya gusa. To, taurari ba su barin wurinsu a cikin ƴan'uwansu. Da fari ya zaci tauraro mai wutsiya ne, amma bai ga wutsiya ba. Ya yi ta bin sa har 11 ga Fabrairu, sai rashin lafiya ya kwantar da shi. Kafin sauran malamai su samu labari, abin ya matsa kusa da hasken rana, ya ɓace.

Aka yi wata da watanni ana nema, ba a gan shi ba. Neman sa ya zama kamar neman allura cikin rairayi. Abin da ya rage kawai shi ne takardun Piyazi.

Takardun nan suka kai hannun wani saurayi Bajamushe mai suna Gaus, ɗan shekara 24, gwanin lissafi. Da su ya lissafa hanyar da abin yake bi, ya nuna inda za a duba. A ƙarshen shekarar aka duba wurin, sai ga shi.

Piyazi ya raɗa masa suna Seres, sunan gunkin noma na Romawan dā. Seres ba tauraro ba ne. Ƙaton dunƙule ne na dutse da ƙanƙara, mai kewaya rana tsakanin Mirrihu da Mushtari. Duniyarmu tana gama kewaya rana a shekara ɗaya. Shi kuwa sai ya yi shekara huɗu da wata bakwai, domin nisansa da rana ya kusa ninka namu sau uku. Faɗinsa kimanin kilomita 940 ne, kamar ka tashi daga Diffa ka je Damagaram ka komo. Daga baya an gano dubban duwatsu a wannan yanki, amma duk ya fi su girma.

Piyazi bai bar ƙidayarsa ba. A 1814 ya fitar da littafi mai ɗauke da taurari 7,646. Ya rasu a birnin Nafuli a 1826, yana da shekara 80. A 2015 wani kumbon Amurka ya isa Seres, ya aiko da hotunansa.

Da Piyazi ya dogara ga tunaninsa kaɗai, da ciwo ya tafi da abin da ya gani. Amma ya rubuta, har wani da ke nesa ya karanta, ya ƙarasa aikin.