Nana Asma'u (1793–1864): Matar Waziri da Zaɓin Harshe

An haifi Nana Asma'u a Ɗagel a shekarar 1793, ita da tagwaininta Hassan. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarta kuwa Maimuna. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka ƙuruciyarta ta wuce cikin ƙaura da yaƙi da yunwa. Daga baya aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin yayanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Daular da aka kafa ta tara jama'a masu harsuna daban-daban. Akwai mata da yawa a karkara, har da waɗanda yaƙi ya kawo, da ba su jin Larabci ko Fulatanci, kuma bori ne mafakarsu. Asma'u ta san Larabci da Fulatanci da Hausa da Azbinanci, ta kuma yi rubutu da ukun farko. Mai sauraro ne yake zaɓar mata harshe: Larabci ga malamai, Fulatanci ga jama'ar gidan Shehu, Hausa ga talakawa. Ta mai da waƙar mahaifinta ta Fulatanci zuwa Hausa, wato Tabbat Haƙiƙa. Ta kuma jera sunayen surorin Alƙur'ani cikin waƙa domin sauƙin hadda. Ayyukanta da suka iso mana sun kai kimanin 60.

Da yake rubutun ajami ba ya isa ga wadda ba ta iya karatu ba, sai ta kafa ƙungiyar Ƴan Taru. Takan naɗa dattijuwa ta zama jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji kan zo da mata daga ƙauye, su haddace waƙoƙi, su koma su koyar. Ta haka baki ya kai ilimi inda alƙalami ya tsaya.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Sakkwato kusa da mahaifinta. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta.

A Damargu, inda Hausa da Azbinanci da Fulatanci da Barbarci ke cuɗanya a kasuwannin Tanut da Belbeji, tambayar da ta fuskanta tana nan a gaban masu nazarin harshe: da wane harshe za a karantar da macen da ba ta taɓa shiga aji ba?