Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Sarkin da Ya Ɗauki Ilimin Magani a Matsayin Amana

Idan aka ambaci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Allah Ya yi masa rahama, akasarinmu jihadi da mulki muke tunawa. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa yana cikin malaman ƙasar Hausa da suka fi yin rubutu a kan cututtuka da magungunansu.

An haife shi a shekarar 1781. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da baffansa Malam Abdullahi. Yana cikin jagororin yaƙi tun farkon jihadi a 1804, shi ne kuma ya kafa birnin Sakkwato a 1809. A 1812 ya kammala Infaƙul Maisur, littafin da har yau masana tarihi ba su wadatu da barinsa ba. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi masa mubaya'a, ya riƙe al'umma shekara ashirin.

Mu mutanen ƙasar Katsina, daga 'Yargoje da Ƙanƙara har Faskari da Sabuwa, muna da rabo na musamman a alƙalaminsa, domin Sarkin Katsina Ummarun Dallaje ya rubuta wa Usulus Siyasa, inda ya nuna cewa kula da maslahar talakawa wajibi ne a kan shugaba. Lafiyar jiki kuwa tana sahun gaba a cikin maslahohin nan.

Shi ya sa, duk da nauyin mulki da yawan yaƙe-yaƙe, bai ajiye littattafan likitanci ba. Ya tattara abin da ya zo a Sunna game da magani a cikin Almawaridun Nabawiyya. Ya keɓe rubutu a kan ciwon ido, wani a kan basir, wani a kan ƙoda, wani kuma a kan yadda ake wanke ciki da filasko. Hanyarsa ita ce ya ɗauki cuta guda, ya bayyana sababinta da alamominta, sannan ya kawo magani. Bai kuma ƙyamaci ilimi don ya zo daga baƙo ba. Lokacin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya ziyarce shi a 1824, cikin abubuwan da ya nema har da a turo masa likita ya zauna a ƙasarsa.

Ya rasu a Wurno a 1837, a can aka binne shi. Shekara 45 bayan haka, a 1882, wani likitan Jamus, Carl Langenbuch, ya yi nasarar cire matsarmamar majiyyaci a birnin Balin. Wannan irin ilimi ne Bello ya yi ta nema wa jama'arsa, ga shi Allah Ya kawo mana shi har gida.

Bincike ya tabbatar cewa matsarmama jaka ce a ƙarƙashin hanta mai adana ruwan ɗaci da ke narkar da maiƙo. Idan kitsen da ake kira kwalastaral ya yi yawa a ruwan, ko jakar ba ta juye shi yadda ya kamata, sai ya daskare ya zama tsakuwa. Masu amosanin jini kuma tasu tsakuwar daga yawan fashewar ƙwayoyin jini take samuwa, har ga yara. Cutar ta fi kama mata da masu ƙiba. Alamarta ciwo ne mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, musamman bayan cin maiƙo, wani lokaci da amai ko zazzaɓi. Idan tsakuwa ta toshe hanyar ruwan, idanu su yi ɗorawa, mu ce shawara ce, mu yi ta jiƙe-jiƙe, alhali jinkiri na iya kai mutum ga halaka. Hoton ciki a asibiti yana nuna ta cikin mintuna kaɗan.

Wanda ya gaji Shehu bai ga saɓani tsakanin tawakkali da binciken sababin cuta ba. Mai gida da ya kai iyalinsa a duba su da wuri, da ɗalibin da ya zaɓi karatun likita don ya amfani jama'arsa, a kan tafarkinsa suke. Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Bello, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.