Farfesa Adeoye Lambo, likitan da ya fitar da masu taɓin hankali daga mari ya mai da su cikin jama'a

A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka kutsa wani gida a unguwar Rigasa da ke Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasunsu da mari a ƙafa. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, saboda shaye-shaye ko wani hali da ya gagari gida. Shekara 65 kafin wannan rana, wani likita ɗan Najeriya ya riga ya nuna a aikace cewa ana iya jinyar mai larurar ƙwaƙwalwa ba tare da an ɗaure shi ko an raba shi da danginsa ba. Sunansa Thomas Adeoye Lambo.

An haifi Lambo a Abekuta ranar 29 ga Maris, 1923. Ya yi sakandare a makarantar Baptist ta garinsu, sannan ya tafi Jami'ar Birmingham a Ingila ya karanta likitanci, jami'ar da Dakta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, ya riga shi shiga. A 1952 ya koma Landan domin ƙwarewa a fannin cututtukan ƙwaƙwalwa. Da ya dawo gida a 1954, shi ne ɗan Najeriya na farko da ya sami wannan horo irin na zamani.

Abin da ya tarar ba mai daɗi ba ne. Dokar mahaukata ta 1916 ta ɗauki mai taɓin hankali a matsayin haɗari ga jama'a, don haka tsare shi ake yi, a gidan mahaukata irin na Yaba a Legas ko a wani sashe na kurkuku. Ilimin zamanin ma ya karkace. A 1953 wani likitan mulkin mallaka da ya yi aiki a Kenya, J. C. Carothers, ya wallafa rahoto a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya inda ya yi iƙirarin cewa tunanin baƙar fata bai kai na Bature ba, kuma ciwon damuwa bai cika kama shi ba. Lambo ya mai da martani da rubuce-rubuce a mujallun likitoci, yana kafa hujja da marasa lafiyar da ya duba da idonsa.

An ba shi ragamar sabon asibitin Aro kusa da Abekuta tun ginin bai kammala ba. Maimakon ya zauna jiran gadaje, sai ya nemi yardar dattawan ƙauyukan da ke kewaye su karɓi marasa lafiya a gidajensu. Kowane majinyaci yakan zo da ɗan'uwa ɗaya, galibi uwa ko 'yar'uwa, wanda zai dafa masa abinci ya kula da shi. Da rana a je asibiti a karɓi magani, da yamma a koma ƙauye, a shiga kasuwa, a taya aikin gona. Mutanen ƙauye kuwa suka sami kuɗin haya da ruwan sha mai tsabta. Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya kusa, domin ya san wurinsu jama'a suke fara zuwa, ya sa su aiki a ƙarƙashin sa idon asibiti. Tsarin ya yi araha, kuma mai jinya bai zama baƙo a gidansu ba bayan ya warke.

Lambo ya fahimci cewa gwamnati ba ta ware kuɗi don cutar da ba a ƙidaya ba. Saboda haka ya haɗa kai da Farfesa Alexander Leighton na Jami'ar Cornell a Amurka, suka bi gida-gida a Abekuta da ƙauyukanta suna tambayar mutane halin da suke ciki. Sakamakon da aka buga a 1963 ya nuna cewa damuwa da fargaba suna nan a tsakanin Yarbawa kamar yadda suke a wani yankin karkarar Kanada da aka kwatanta da shi. Kafin nan, a 1961, ya karɓi baƙuncin taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abekuta. Daga baya Ibadan ta shiga cikin cibiyoyi tara na wani babban binciken Hukumar Lafiya ta Duniya kan taɓin hankali mai tsanani, inda aka ga marasa lafiyar Ibadan sun fi na wasu biranen Turai samun sauƙi.

A 1963 ya zama farfesa a Jami'ar Ibadan, inda ya horar da waɗanda suka gaje shi. Ya shugabanci jami'ar daga 1968 zuwa 1971, a tsakiyar yaƙin basasa da bayansa. Daga nan ya koma Hukumar Lafiya ta Duniya a Janeba, ya riƙe muƙamin mataimakin babban darakta daga 1973 zuwa 1988. A zamaninsa ne aka yi taron Alma-Ata na 1978, wanda ya ɗora kiwon lafiya a kan ƙananan asibitocin unguwa da ƙauye, aka kuma fara gwada koya wa ma'aikatan jinya gane larurar ƙwaƙwalwa da ba da magani a wuraren da babu ƙwararre. Ya rasu ranar 13 ga Maris, 2004, yana gab da cika shekara 81.

Tsarin Aro yana da iyaka. Ya dogara ga ƙauye mai haɗin kai da dangin da za su iya barin sana'a su zauna jinya, kuma da birni ya cinye ƙauyukan sai ya raunana. Gwamnatocin da suka biyo baya ma ba su yaɗa shi ba. Sai a Janairun 2023 aka sanar da sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin gadon Turawa. Ƙungiyar likitocin fannin ta sha kokawa cewa ƙwararrun da suka rage a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 kuma ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi.

A Kaduna, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Barnawa, a ƙetaren kogi. Uwar da ke Kawo ko Unguwar Dosa ko Badarawa, idan ɗanta ya fara sambatu, asibitin unguwa da malamin unguwa ne mafi kusa da ita. Abin da za ta tarar a can ya danganta da irin aikin da Lambo ya soma a 1954: a horar da ma'aikacin da ke kusa, a ƙidaya masu ciwon, a ware kuɗin maganinsu a kasafin jiha, a kuma shigar da malamai da masu maganin gargajiya cikin tsarin da doka ke sa wa ido.